Jakar Cukun Maigari

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da kowa a Adar ke kukan tsadar sukari da shinkafa, kaset ya zo ma Alƙasum daga Kotonu. Autanshi Inusa ne ya aiko, wanda ke sayar da albasa a can. Ƙauyen nasu yana bayan Affala, kuma rediyo mai cin kaset guda ce tak a garin, ta maigari Attahir. Saboda haka duk wanda ɗanshi ya aiko da magana, a ƙofar maigari ake jin ta, gaban kowa, har da sirrin gida.

Inusa ya gaida mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu bai ji ba. Sannan ya ce matarshi ta kusa sauka, yana son Baba da Inna su zo suna, guzuri na hannun direban da ya kawo kaset. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma yaro ya ga kaset bai cika ba, sai ya ƙara da cewa, "In kun zo, Baba, zan kai ku gidan sarkin ƙasar nan. Bangon gidan ma kaɗai ya isa mutum ya yini yana kallo."

Maigari ya sa aka maido wurin, aka sake ji.

A lokacin siyasa ta raba garin biyu. Kowace jam'iyya da itacen da take zama ƙarƙashi, masu gawo ba su gaida masu aduwa. Samari sun koyi faɗin dimokuraɗiyya, suna wuce maigari bisa jaki ba su sauka. Abin yana cin tsohon nan ƙwarai. Sai ya ga in wani babban sarki na bakin teku ya aiko mishi da gaisuwa, aka faɗa gaban jama'a, ko yaran nan sun tuna cewa shi ma wani ne.

Ana gobe tafiya ya kira Alƙasum. Ya ɗauko wata jakar fata cike da cuku, busasshe ƙarau, mai kyau, wanda matan gidan Rissa Buzu suka yi. An ɗinke bakin jakar da tsirkiya.

"Ka ba sarki," in ji maigari. "Ba dogari ba, ba bafade ba. Ka ce Attahir na Adar yana gaishe shi. Abin da ya ce, ka kawo min."

"To, ranka shi daɗe."

Alƙasum ya karɓa da hannu biyu. Shi ɗan aduwa ne, maigari kuwa kowa ya san zuciyarshi tana gawo. Kuma a garin akwai wani gida da ake ce ma gidan Ci-saƙo. Kakansu aka ba taba ya kai Tebaram, ya tauna ta a hanya. Ya mutu, ɗanshi ya mutu, jikokin har sun yi furfura, sunan yana nan da ranshi. Alƙasum ba ya da shanu, ba ya da mota, gonarshi duwatsu sun fi hatsi yawa. Abin da ya mallaka shi ne ba a taɓa ba shi abu ya ɓata ba.

Rissa na tsugune bakin zaure yana hura gawayin shayi. Ya ɗago kai.

"Alƙasum, na san cikinka. Cukun ga ba ya wuce Dosso."

"In ya wuce fa, Buzu?"

"In bar shan shayi."

"Ka bar numfashi dai, ya fi maka sauƙi."

Suka kama hanya shi da matarshi Fatimata. Daga tashar Tawa zuwa Dosso, daga Dosso zuwa Gaya, jaka tana rataye a ƙirjinshi cikin riga, kamar laya ta yi ƙiba. Kafin Gaya mota ta mutu a daji, suka yini gindin wata ƙirya, garin rogon da suka riƙo ya ƙare.

"Malam," in ji Fatimata, "ko ɗan gefe guda. Sarkin ya san yawansu ne?"

"Allah ya sani. Rissa ma ya sani."

"Rissa na nan?"

"Bakinshi na nan."

Ta juya mishi baya, ta ja mayafi.

Daga Paraku suka shiga jirgin ƙasa, nan ne wata sabuwa ta ɓullo. Cuku abin ƙasar bushewa ne. A Adar sai ya shekara cikin jaka bai ce komai ba. Amma iskar kudu jiƙaƙƙiya ce, ga zufar Alƙasum tana ratsa fata. Tun kafin su sauka Kotonu jaka ta fara magana. Ranar suna, a ɗan ɗakin Inusa, mata baƙi suka riƙa shigowa suna yamutsa hanci suna duba zanen jariri. Yaro kuwa tsaf yake, ba ruwanshi.

Da aka watse Alƙasum ya kira ɗanshi.

"Auta, da wane lokaci sarkin ke zama a gaishe shi? Saƙon ga ba ya jira."

Inusa ya sosa ƙeya. "Baba, gaskiya ni ma ban taɓa zuwa ba. A kalandar wani tela na ga gidan."

"A kalanda."

"I, Baba. Amma an ce ba nisa."

"Kuma ka cika muna kaset da shi."

Washegari suka shiga taksi su uku, suka nufi wani tsohon gari can cikin ƙasa. Alƙasum ya sa rigarshi ta salla ya naɗa rawani. Direba ya buɗe tagogi duka.

Gidan kam, yaron bai yi ƙarya ba. Katanga ja, mai kauri, doguwa, ta miƙe har ido ya gaji. A jikin bango an gina siffofi da laka an shafe da launi: ga zaki, ga wani kifi mai haƙora, ga tsuntsu mai dogon baki, ga hawainiya, ga mutum ya ɗaga wani mutum sama kamar damin hatsi. Ƙofofi na icce an sassaƙe su tun daga sama har ƙasa, ba inda za ka aza yatsa ba ka taɓa zane ba. Bakin ƙofa wasu manyan bindigogi na ƙarfe sun kwanta cikin ciyawa kamar shanu sun ƙoshi.

Fatimata ta riƙe haɓa. "Wa ke shafe wannan duka in damina ta wuce?"

Alƙasum ya tsaya yana dube-dube. Wani abu ne ke damunshi. Ya shaƙi iska, ba warin doki. Ya duba sama, ba hayaƙi. Ba maroƙi, ba makaho, ba ko akuya. Gidan sarkin da ba a girki, wannan wane irin gida ne?

Ya tuɓe takalmi ya tsaya bakin ƙofa. "Salamu alaikum!"

Shiru. Ya sake, ya ƙara murya. Wata mata da ke zaune cikin wani ɗan ɗaki kamar akurki ta leƙo ta taga, ta miƙo hannu.

"Tike za mu yanka, Baba," in ji Inusa.

"Tike? Mota ce?"

"Haka ake yi."

"Sarki ke saida gaisuwa? Lalle karyewar sefa ba ta bar kowa ba."

Suna cikin haka wasu nasara biyu, mace da namiji, suka wuce su suka shige, da gajerun wanduna, da takalmi, ba sallama. Alƙasum ya bi ƙafafunsu da ido yana jiran dogarai su jeho su waje. Ba wanda ya jeho su.

Aka haɗa su da mai nuna gida, wani siriri mai farar taguwa, sunanshi Dosu. Yana faransanci, Inusa na juyawa da irin faransancin kasuwar albasa. Ya bi da su tsakar gida bayan tsakar gida. Ya nuna musu kujerun sarauta masu tsawo, sai an taka wani abu a hau. Ya nuna laima mai faɗin rumfa, da tufafi da aka ɗinka ma hotunan yaƙi, da madubin da turawa suka kawo, ya fi ƙofar masallacin Affala girma. Fatimata ta ga kanta tun daga ɗankwali har ɗan yatsa, karo na farko a duniya, ta tsaya ta gyara ɗaurin zane, sai da aka jawo ta. Kowane ɗaki suka shiga Alƙasum sai ya rage tsawo ya shirya gaisuwa, ya tarar ba kowa sai kaya.

A ɗaki na nawa ne oho, haƙurinshi ya ƙare.

"Auta, ka ce ma wanga mun ga kaya, Allah shi ƙara arziki. Ina maigidan?"

Inusa ya tambaya. Dosu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina. Ya yi bayani mai tsawo. Inusa ya saurara, fuskarshi tana sauyawa.

"Baba, wai ya mutu."

"Inna lillahi! Yaushe? Muna hanya?"

"Wai tun kafin a haifi kakan maigari. Wai yanzu gidan na kallo ne."

"To wa aka naɗa?"

"A gidan ga dai ba kowa."

Dosu ya ga tsoho ya fito da jaka daga cikin riga, aka gaya mishi abin da ke tafe da su. Sai ya yi murna, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya kai su wani ɗan ɗaki mai gajeruwar ƙofa. Ciki akwai gado an lulluɓe da zane, a ƙasa ga ƙore, ga kwalabe, ga gashin kaza. Ya ce nan mutane ke ajiye ma sarki abin da suka kawo, kuma yana karɓa.

Alƙasum ya ja da baya har ya taka Fatimata.

"A'uzu billahi. Ka ce mishi wurin mutum aka aike ni, ba wurin gado ba."

Ya fita ya zauna a ƙasa, tsakiyar gidan sarki, ya aza jaka a cinya. Ya duba ta ko'ina ba mafita. In ya yar da ita, ya ci saƙo. In ya maida ta gida tana wari, masu gawo za su ce ɗan aduwa ne ya ƙi kaiwa da gangan don a yi ma maigari dariya. In kuma ya ce sarki ya mutu, to wannan ita ce maganar da kowane maci-saƙo zai fara kawowa. Ya ji muryar Rissa tun daga nan.

Fatimata ta gaji da tsayuwa, ƙafarta ta kumbura.

"Malam, shi sarkin bai haihu ba?"

Alƙasum ya ɗago kai. Shekara da shekaru yana tare da matar nan, bai taɓa jin ta faɗi magana mai kyau irin wannan ba, amma bai gaya mata ba.

"Auta! Tambaye shi. Abin mamaci na magada ne."

Wannan karon Dosu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce matan sarkin nan ba wanda ya san iyakarsu. Unguwar nan duka jininshi ce. Shi kanshi jikan jika ne. Mai yanka tike ma haka. Mai sharar tsakar gida ma haka.

"To a kira babbansu."

Babbansu wata tsohuwa ce, ita ke kula da ɗakin gadon. Ta fito ba takalmi, da ɗaurin ƙirji, bakinta ba haƙori ko ɗaya, amma da ta tunkaro sai Dosu ya durƙusa har goshinshi ya kusa ƙasa. Alƙasum ya ga haka, ranshi ya ɗan yi sanyi. Ga dai wanda ake durƙusa mawa. Ya tsuguna ya isar da gaisuwar Attahir na Adar yadda aka ba shi, bai rage ba bai ƙara ba. Ya yi musu gaisuwar rashi kuma, ya ce su yi haƙuri, labari bai kai Adar da wuri ba.

Ya sa wuƙa ya yanke tsirkiya. Waɗanda ke kusa suka matsa baya. Cuku ya yi laushi, gefunan sun yi gashi kore. Fatimata ta karɓi wuƙar ta kankare, ta shanya bisa mayafinta.

Kafin a gama, labari ya fita waje cewa wani sarkin arewa ya aiko da rabo. Mai tike ta rufe akurki ta zo. Masu kabu-kabu suka jingine babura suka shigo, kowa jikan sarki. Alƙasum ya sa aka jera su, maza nan mata nan, ya fara rabo yadda ya ga malamai na yi: namiji biyu, mace ɗaya. Ya miƙa ma tsohuwa ɗaya. Ta dubi hannunta, ta dubi hannun Dosu, ta yi wata magana gajera.

"Mi ta ce?"

"Wai a gidan ga mata ne ke riƙe ma sarki bindiga. Wai ka sake lissafi."

Alƙasum ya dubi hoton bango, na mai ɗaga mutum sama. Sai yanzu ya lura mace ce.

"Ƙasarsu ce," in ji shi. Ya ƙara mata biyu.

Nasaran nan namiji ya matso yana ɗaukar hoto, ya miƙo hannu shi ma.

"Wanga ma jikan sarki ne?"

"A'a, Baba."

"To ya yi haƙuri."

Magada suka riƙa jujjuya abin a hannu. Wani ya tambaya ko sabulu ne. Wani ya ce fata ce ta ganga. Dosu ya gatsa don kunya, ya tauna, idonshi ya kawo ruwa, ya ce da daɗi. Tsohuwa kuwa ta sa nata a baki ta tsotsa, ta daɗe tana tsotsa, ta gyaɗa kai. Sannan ta aika aka ɗauko wata kwalba daga ɗakin gadon, an toshe bakin an ɗaure da jan ƙyalle. Ta yi jawabi, ta ce gidan sarki ya ji gaisuwa, ya gode, a kai ma sarkin Adar wannan.

Inusa ya sunkuyo kunnen ubanshi. "Baba, kada ka karɓa. Giyar kwakwa ce, mai ƙarfin nan. In aka kyasta mata ashana kamawa take."

Alƙasum ya dubi kwalba. Tunda uwarshi ta haife shi bai taɓa riƙe irinta ba.

"Ni aka ba, ko maigari?"

"Maigari."

"To mi ya shafe ni da abin da ke ciki?"

Ya naɗe hannu da bakin riga ya karɓa, ya sa a jakar da cuku ya fito.

Komowa ta fi zuwa wuya. Fatimata ta ƙi zama kusa da shi a jirgi. In zai yi salla sai ya rataye jakar a wani icce can nesa, yana sallama yana waigen ta. A gadar Gaya ta ce mishi, "Malam, ga ruwa nan ƙasa. Tuttule ta, mu cika da man ja. Wa zai sani?"

"Man ja aka ba ni?"

"Za ka shiga gari da giya, da furfurarka."

"Zan shiga da saƙo."

Da hantsi suka isa, kafin azahar ƙofar maigari ta cika. Masu gawo sun zo, masu aduwa sun zo, liman na gefen maigari bisa buzu. Alƙasum ya tsuguna ya faɗi komai daki-daki. Da ya kai wurin mutuwar sarki, maigari ya yi salati ya ce, "Kuma ba wanda ya gaya muna." Wasu suka ɗaga hannu za su yi fatiha, suka ga liman bai ɗaga ba, suka sauke.

Daga bayan taro wani ɗan gawo ya ce, "Sarki ya mutu, cuku ya bi shi." Aka yi dariya.

Alƙasum bai waiga ba. Ya fito da kwalba ya ajiye gaban maigari. "Ga amsarsu, ranka shi daɗe."

Maigari ya washe baki. Ya ɗaga ta sama don masu aduwa su gani da kyau. Ya kwance jan ƙyalle, ya cire toshi, ya kai hanci. Kanshi ya koma baya kamar an mare shi. Ya yi tari, ya share ido, ya daure.

"Turaren sarakunan can yana da ƙarfi."

"Giya ce, ranka shi daɗe."

Liman ya ja buzunshi ya koma can bakin danga. Jama'a suka zuba ma kwalba ido.

Rissa ne ya fara. Ya yi dariya har rawaninshi ya kwance, ya kifar da butar shayi.

"Ya kai! Wallahi ya kai! Wanda ya ci saƙo da goro yake komowa, ko turare, ya rufe bakin mutane. Wa zai yi ƙarya da wannan? Ku dube ta, cike take har wuya!"

Ba wanda ya musa, har ɗan gawon nan. Alƙasum ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinshi wanda ya fi jakar nauyi. Ya yunƙura zai tashi.

"Tsaya," in ji maigari. Ya maida toshi, yana riƙe da kwalba da yatsa biyu. "Kyautar gidan sarauta ce, ba a zubarwa. Gidana kuma ana salla." Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. "Garin ga duka ba mai amana kamarka, Alƙasum. Ajiye min ita wurinka."

"Har yaushe, ranka shi daɗe?"

"Har in nema."

Fatimata ta riga shi isa gida, ta tsaya bakin ƙofa da muciya a hannu. Bai ma gwada shiga ba. Ya ɗauki hauya ya wuce gona da rigar tafiya a jikinshi, ya gina rami gindin wata magarya, ya sa kwalbar, ya rufe, ya aza dutse babba. Ya yi nisa sai ya komo ya ƙara wani dutsen, don yaran kiwo ba su da tarbiyya.